Simul ɗin Baba Safiyo

Wanzam ya aske rabin kan wani direban tasi ke nan, sai ihun Tela ya taso daga shagon da ke jikin nasa.

"Jama'a, ku zo! Baba Safiyo ya faɗi!"

Ya jefar da injin askin a kan tebur yana ta ƙugi, ya fita da tawul a kafaɗa. Tsohon yana kwance ta gefe ɗaya a bakin ƙofar Tela, tsakanin keken ɗinki da ɗan teburin da allon ches ke kai. Hularsa ta mirgina ta tsaya a jikin kwata. Idonsa a buɗe, bakin ya karkace hagu, hannun dama kuwa yana miƙe kamar mai shirin ɗaukar wani abu.

"Ni ban taɓa shi ba," in ji Tela, tef ɗin awo na reto a wuyansa. "Na tura sojana ke nan, ya miƙa hannu zai ba ni amsa, sai kawai na ga ya sulale."

"Wa ya ce ka taɓa shi?" in ji Wanzam. "Kama ƙafafu!"

Mai Kemis ya tsallako titi da gudu, ya ɗora yatsu a wuyan tsohon, ya ce da sauran numfashi, a yi asibiti. Mai Walda ya zo da baƙin gilashinsa a goshi, ya ture su duka ya sunkuci tsohon shi kaɗai kamar yaro. Direban tasin nan ne ya kai su, da rabin kai a aske, da ƙyallen aski ɗaure a wuya, bai ma tuna ya kwance ba.

Da motar ta sha kwana, Wanzam ya koma shagonsa ya kashe injin. Ya tsaya a gaban nasa allon, wanda ke kan wani ɗan tebur kusa da madubi. Shagonsa ne na gaba. Da tsohon ya ƙara 'yan taku kaɗan, da ya iso.

Baba Safiyo tsohon ma'aikacin awon hanya ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a daji da ƙafafun awo a kafaɗa, a can kuma ya koyi ches wajen injiniyoyin da suka yi aiki tare. Da ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu, sai ya sayo alluna huɗu na roba ya raba wa shagunan layin, ya koya wa masu shagunan yadda doki ke tsalle da yadda giwa ke ratsawa a karkace. Amma shi ba mai zama ba ne. Ko shayi a tsaye yake sha. Don haka ya tsara abin yadda ya dace da ƙafarsa: kullum da hantsi zai fito daga gida ya fara da Mai Walda, ya tsallaka wajen Mai Kemis, ya dawo wajen Tela, ya ƙare da Wanzam. A kowane allo bugu ɗaya. Wasa guda sai ya ci wata da watanni.

Doka ɗaya ce ba ya ɗaga ƙafa a kanta. Ba ka taɓa ko ɗa ɗaya a allonka sai ya zo ya tsaya a gabanka. Ka yi tunaninka yini guda, ka kwana da shi in ka so, amma bugu sai a kan idonsa. Ka buga, ya duba, ya mayar maka, ya ce "Na gaba," ya wuce.

Tun da aka fara, babu wanda ya taɓa cin sa. Mai Walda ma ya daina sa rai, shi dai yana yi ne don kada a ce ya gudu. Wanzam ne kaɗai abin ke ci wa rai. To ana gobe tsohon zai faɗi, yana gyara wa wani gashin baki, sai idonsa ya faɗa kan allon ta cikin madubi, komai a juye, ya ga abin da bai gani ba duk tsawon kwanakin da yake kallon allon kai tsaye. Sarkin Baba na lungu, a bayan sojoji uku da ba su taɓa gusawa ba. In Wanzam ya sauke sarauniyarsa layin ƙarshe, dole Baba ya ci ta da hasumiya. Sai hasumiyar Wanzam ta biyo baya ta ci waccan, sarki ba gaba ba baya. Saura kaɗan ya yanke wa mutumin leɓe. Ya duba ya sake dubawa har aka rufe shago, bai ga mafita ba.

Da yamma Mai Kemis ya dawo daga asibiti ya leƙo. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, zuciyar ma likita ya ce ta gaji. Wanzam bai iya haƙuri ba, ya ja shi gaban allon ya nuna masa da baki, bai taɓa komai ba.

Mai Kemis ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ka ci shi kam," ya ce. "Amma ka tabbata kai ne ka iya? Irin ciwon nan yana daɗewa yana aiki a cikin kai kafin ya kayar da mutum. Baba da lafiyarsa zai bar sarki a lungu haka?"

"Kai je ka sayar da maganin tarinka."

"Ni gaskiya na faɗa."

Wanzam ya samo kwalin da aka zubo reza a ciki, ya kife shi a kan allon saboda yaran da ake kawowa aski. A jikin kwalin ya zana hannu ya soke shi da jan biro.

Aka sallamo tsohon bayan kwanaki. Likita ya ce babu sauran abin da asibiti zai ƙara masa, a kai shi gida ya huta. Washegari sai ga Auta a shagon. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, malamar firamare, ita kaɗai ta rage a gidan tare da shi. Idanunta sun faɗa. Ta gaishe shi daga bakin ƙofa, ta jira ya karkaɗe wa wani wuya ya sallame shi, sannan ta shigo.

"Kawu Wanzam, mene ne simul?"

"A ina kika ji?"

"A bakin Baba. Maganar ba ta fita sosai, amma wannan kam tana fita. Ya ƙi kwanciya. Yana zaune a bakin gado, ƙafa a ƙasa, ya sa na sa masa takalmi a ƙafar dama, ya hana a cire. In na ce ya kishingiɗa sai ya ce bai gama simul ba. Na tambayi nas ta ce ba sunan magani ba ne. Na tambayi yayana a waya ya ce ko wata ƙungiya ce ya shiga."

Wanzam ya ja mata kujerar jira. Ya ɗaga kwalin ya nuna mata allon.

"Ga shi nan. Shi ne wannan yawon da yake yi kullum. Mutum ɗaya ya buga da mutane da yawa, kowa da allonsa, shi yana zagayawa. Mai Kemis ya ce wata doguwar kalmar Turanci ce aka datse, ma'anarta wai a lokaci guda."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Babanki ya ce ya taɓa ganin na gaske yana saurayi. Wani gwani ya zo, aka jera tebura aka yi da'ira a wani babban ɗaki, mutane suka zauna ta waje, shi yana ta ciki yana kewayawa. Babanki na cikin masu zaman, har ya ce shi aka cinye kusan ƙarshe. Su a yini ɗaya suke gamawa. Namu ne na masu sana'a, sai a hankali."

"To me ya haɗa wannan da kwanciya?"

"Mai zagayawa ba ya hutawa sai an tashi allo na ƙarshe. Haka ya ce ya gani. Gwanin nan tun safe yake kan ƙafarsa har aka kunna fitilu."

Auta ta dubi 'ya'yan robar, ta dubi Wanzam, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Wato saboda wannan ne ƙafarsa ta kumbura kamar turmi? To don Allah ku zo ku gama. Yaya ake gamawa?"

"Ko a rufe sarki, ko wanda ya ga ba shi da mafita ya kwantar da sarkinsa, ya miƙa wuya."

"To ku zo ku miƙa. Yau ɗin nan."

Da la'asar suka tafi su huɗu. Ɗakin tsohon na can ƙurya, bayan falo. Gadon ƙarfe ne, da taga ɗaya da aka jera kwalaben magani a bakinta, ga tsofaffin ƙafafun awonsa a jingine a kusurwa an rataye musu riga. Yana zaune a bakin gadon kamar yadda Auta ta faɗa, an tokare shi da filo uku, hannun hagu a kan cinya kamar ba nasa ba. Ƙafar dama ta cika takalmin har ta yi tudu a saman igiya.

"Baba, ya jiki?" suka ce kusan tare.

Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, daidai da yadda yake bin shagunansu.

Mai Walda ne ya fara. Ya zaro baƙin sarkinsa daga aljihu, duk ya yi maiƙo, ya kwantar a kan zanen gado.

"Ni dama tun da ka cinye min giwa nake neman hanyar gudu. Na miƙa."

"Ka... daɗe," in ji tsohon. Maganar na fitowa da nauyi, ta gefe ɗaya.

Mai Kemis ya kwantar da nasa, ya ce lissafi ya nuna masa ba zai kai labari ba. Tela ma ya kwantar da nasa da sauri. Tsohon ya ɗaure fuska.

"Ni ke... da bugu."

"Eh, Baba, kai ke da bugu. Amma na hango abin da ke tafe, shi ya sa na ce gara in tashi da mutuncina."

Kowa a ɗakin ya san Tela bai hango komai ba, ko zaren da ke jikin rigarsa sai an nuna masa. Tsohon ya yi tsaki da rabin baki, ya juya ga Wanzam. Auta ma ta juya.

Wanzam hannunsa biyu a bayansa. Bai zo da komai ba.

"Baba, ko in ɗauko allon in kawo nan? Sai mu ƙarasa."

"Allo ba ya... yawo," in ji tsohon. "Ni ke yawo."

Ya yunƙura zai miƙe, filo ɗaya ya zame, Mai Walda ya tare shi.

A falo Auta ta sha gaban Wanzam. Ta rage murya.

"Kawu, ina naka sarkin?"

"Yana kan allo."

"Kowa ya kawo nasa."

"Su an cinye su. Ni kuwa ni na ci wasan nan, Auta. Bugu biyu ya rage."

"Mutum yana wannan hali kana zancen ci? Kai fa ka yi min askin fari, Kawu. Ban san haka kake ba."

"Babanki yana riƙe da allunan nan duka a kansa. In na kwantar da sarki a wasan da nake ci, zai san tausayinsa na ji. Kin ga yadda ya kalli Tela?"

"Don shi kake faɗa ko don kanka?"

Wanzam ya juya. Ya sa takalminsa ya fita.

Zancen ya riga shi isa gida. Washegari da rana matarsa ta kawo masa abinci shago da kanta, abin da ba ta saba ba, ta dire kwanon a kan kwalin da ya rufe allon.

"Ɗauke daga nan!"

"Au, shi ne wannan? Shi ne abin da namiji da furfura a gemu ya riƙe ya hana dattijo barci? In ka ci kofi za a ba ka, ko a rediyo za a faɗa?"

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Ran da na haifi ƙaramin nan ma da ka zo asibiti zancen doki kake yi wa Mai Kemis a bakin ƙofa."

Masu jiran aski suka sa dariya. Ta ɗauki kwandonta ta fita. Wanzam ya ci gaba da aski, amma ya ƙi kallon madubi ta gefen allon. Sau biyu a yinin ya ɗaga kwalin, ya kai hannu kusa da sarkinsa, ya fasa. Ya san in tsohon ya tafi a zaune a bakin gadon nan da takalmi a ƙafa, babu wanda zai ƙara zama a kujerarsa a layin nan bai tuna ba. Ya kuma san in ya kwantar da sarkin, shi kansa ba zai ƙara son ganin allo ba.

Da yamma ya tsallaka wajen Mai Walda.

"Kana da ƙananan tayoyi?"

"Na me?"

"Tun da shi ke yawo, sai mu yi masa ƙafa."

Mai Walda ya ɗage gilashi ya dube shi, sannan ya shiga tarkacensa ya jawo tayoyin wani mataccen janareto. Ya ɗauko kujerar ƙarfen da yake zama a kai in zai ci abinci, ya lika mata su, ya ƙara mata wajen ɗora ƙafa da guntun bututu.

Da suka kai kujerar gidan tsohon, Auta ta ce likita ya hana a motsa shi. Mai Kemis ya ce gaskiya ne, amma zaman da yake yi ɗin ma kashe shi yake yi. Ta leƙa ɗakin, ta dawo.

"In wani abu ya same shi a hanya, Kawu Wanzam, kai da Allah."

"Na ji."

Washegari da hantsi suka fito da shi. An sa masa hularsa. Tayoyin na ƙara a kan kwalta, ɗaya na karkata, Mai Walda na turawa yana zagin tayar. Mai jarida ya daina kiran jarida. Matan da ke jiran mota a bakin kemis suka matsa gefe. Tsohon bai kalli kowa ba, idonsa na kan ƙofar shagon aski.

A ciki Wanzam ya riga ya ɗauke kwalin, ya goge ƙurar da ke gefen allon da tawul. Suka turo kujerar har gaban tebur.

"Ku tayar... da ni."

"Baba, a zaune ma ai..." in ji Auta.

"Ku tayar da ni."

Mai Walda ya shiga ƙarƙashin hammatar hagu, Tela ya riƙe ƙugu. Tsohon ya tsaya a kan ƙafa ɗaya mai takalmi, ɗayar na jan ƙasa. Wanzam ya ja numfashi, ya ɗauki sarauniya, ya sauke ta layin ƙarshe.

"Sarki, Baba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya daɗe. Sai hannun dama ya tashi a hankali, ya wuce sarauniyar, ya wuce hasumiya, ya sauka a wani gida a tsakiyar allon da babu komai a cikinsa. Yatsun suka tsuke a kan iska, suka ɗaga, suka yi gida biyu gaba, ɗaya gefe, suka dire.

"Doki," ya ce.

Wanzam ya sake duban allon. Dawakan Baba duka biyu sun daɗe a cikin gwangwanin da Wanzam ke tara waɗanda aka ci. Auta ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Tela ne ya runtse ido, leɓɓansa na motsi, sannan ya buɗe.

"Kai! Ai allona ne wannan! Dokin nan nasa da ke tsakiya... in ya sauka can ya kama min sarki da sarauniya tare. Amsar da zai ba ni ke nan ran da ya faɗi!"

"Ashe da gaske ka hango," in ji Mai Walda, gumi na sauko masa. "Ka riƙe ƙugun da kyau, malam."

"Na gaba," in ji tsohon. Ya juya kai dama, yana neman ƙofa. "Wanzam... ya shirya?"

Wanzam ya dubi sarauniyarsa. Ya sa hannu ya mayar da ita gidan da ta fito. Ya yi wa Mai Walda alama da ido, suka ɗan gusa da tsohon gefe, rabin taku, suka dawo da shi gaban teburin.

"Ga ni, Baba. Ina kwana?"

"Lafiya. Buga."

Auta na kallonsa daga bayan kafaɗar mahaifinta. Ya san abin da take roƙo: ga sarki nan, yatsa ɗaya ya isa, tsohon ma bai san allon da yake kai ba. Hannun Wanzam ya tsaya a saman sarkin. Sai ya wuce ya ɗauki sarauniya, ya sake sauke ta layin ƙarshe, ya dire ta da ɗan ƙarfi.

"Sarki, Baba."

Wannan karon idon tsohon ya bi hannun. Ya kalli sarauniyar. Ya kalli sojojinsa uku. Ya hau layin da ido har ya iske hasumiyar Wanzam tana jira a can baya. Fanka na juyawa a sama. Sai gefen bakin da ke aiki ya ɗaga.

"Ɗan banza," ya ce. "Yaushe... ka gani?"

"Ana gobe za ka faɗi. A madubi na gani, ina gyara wa wani gashin baki."

"Ni ban gani ba."

"Ciwon ne, Baba. Da kana lafiya ai..."

"Rufe min baki. Ciwo ne ya jera maka... hasumiya bayan sarauniya?"

Mai Kemis, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya cire tabarau ya hau gogewa da gefen riga.

Tsohon ya ɗauki hasumiyarsa ya ture sarauniyar, ta mirgina ta faɗi ƙasa. Wanzam ya tsaya, yana jiran ko zai kwantar da sarki.

"Ƙarasa. Mai kyau ne. Ina so... in gani."

Wanzam ya ɗauki hasumiyarsa, ya zo da ita tun daga can baya har layin ƙarshe, ya cire ta Baba ya ajiye tasa. Abin da ya yi shekaru yana tsara yadda zai faɗa in ranar ta zo, ko kalma ɗaya bai tuna ba. Tsohon ya miƙo hannu, suka gaisa. Hannun da sanyi, amma riƙon da ƙarfi.

"Saura... allo nawa?"

"Babu, Baba," in ji Auta. "An tashi duka."

"To cire min takalmin nan. Ya matse ni."

Suka zaunar da shi a kujerar aski don ita ce mai laushi. Auta ta durƙusa tana fama da igiya, kumburin ya hana ta kwantuwa, sai Wanzam ya miƙa mata almakashi ta yanke. Tsohon ya ga fuskarsa a madubi, ya shafa haɓa, ya ce wane ne wannan mahaukacin. Wanzam ya kwantar da kujerar baya, ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa kumfa. Kafin ya gama kunci ɗaya tsohon ya yi barci, baki a ɗan buɗe, yana minshari. Haka ya ƙarasa askin a hankali. Waɗanda suka zo aski suka zauna a benci suna jira, ba wanda ya ce a yi sauri.

Bai ƙara fitowa layin ba. Auta ta ce tun da suka mayar da shi ya miƙe a gado, sai dai a tashe shi a ba shi magani da ɗan ruwa. Kumburin ƙafar ya ragu. Ƙarshen makon, da rana tsaka, ta shiga da kofi ta tarar ya cika. Shagunan layin duka aka rufe, aka kai shi makwancinsa. Direban tasin nan ma ya zo.

Da Wanzam ya sake buɗe shago, na farkon da ya shigo wani baƙo ne, matashi da jakar kwamfuta, yana neman a rage masa suma. Ya ajiye wayarsa kusa da allon, ya tsaya ya ɗan duba.

"A'a, ana ches a nan? Wa ya ci?"

"Ni na ci."

"To wanda ka ci ɗin nan bai iya ba. Ya bar sarki a lungu."

Wanzam ya karkaɗe ƙyallen, ya ɗaura masa a wuya.

"Sunkuyar da kai," ya ce, ya kunna inji.

A tsallaken titi Mai Walda ya kife kujerar ƙarfen yana yanke mata tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya juyo da ita, ya girgiza ya ga ta zauna daidai a kan ƙafafunta, ya ja ta cikin inuwa.